Wace shuka mai yaɗo za ta jure zafin Katsina?

Idan kika tsaya gaban masu sayar da fulawa a bakin titi, wadda ta fi kyau ce za ta fara ɗaukar idonki. Kafin ki miƙa kuɗi, ki tuna watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina kan haura digiri 40, bangon ɗaki ya riƙe ɗumi har tsakar dare. Da wannan watan za ki auna kowace shuka.

Wadda na fara saya ita ce mai ganye ƙwaya-ƙwaya, a jere kan siririn zare kamar carbi. Asalinta busassun wurare ne na kudancin Afirka, shi ya sa na ɗauka namu yanayin zai karɓe ta. Ta tsallake hunturu lafiya. Bazara na shigowa ƙwayoyin suka soma yamushewa, na ƙara ruwa, saiwar ta ruɓe cikin ƴan kwanaki. Ashe jure ƙishi daban, jure zafin ɗaki mara iska daban. Sai in kina da wuri mai haske da sanyi, kuma hannunki ba ya saurin kai wa buta, sannan ki saye ta.

Fotos, wadda wasu ke kira shukar kuɗi, ita nake ba kowa shawara. Ganyenta mai faɗi ne, kore da ɗigon rawaya, asalinta wani tsibiri ne a tekun Fasifik. Ba ta neman rana kai tsaye, hasken taga ya ishe ta, ko a falo mai ɗan duhu za ta rayu, illa dai rawayan ganyen ya dusashe. Abin da ya fi burge ni da ita, ba ta ɓoye ƙishinta: ganyen zai langaɓe, ki ba ta ruwa da safe, kafin la'asar ya miƙe. Tawa tana kan kabad, ta sauko har kusa da ƙasa, kuma duk daga reshe ɗaya ne da maƙwabciyata ta yanko min. Na sa shi a kwalba da ruwa, gaɓa ɗaya a nutse, bayan kamar mako biyu farar saiwa ta ɓullo daga gaɓar. Aibinta guda ne, kuma ba ƙarami ba: ganyen yana ƙona baki da maƙogwaro in an tauna. Gidan da ke da yaro mai rarrafe ko kyanwa, a rataye ta sama.

Zebirina, mai ratsin shunayya da ruwan azurfa, daga Meziko ta fito. Tana yaɗo da sauri, tana kama ƙasa ba gardama, amma tana son haske fiye da fotos. A baranda mai inuwa tana ƙyalli. A cikin ɗaki sai ta yi tsayi, ta zubar da ganyen gindi, ta zama kamar igiya. Sai an riƙa tsinke kanta.

Akwai kuma mai dogon ganye siriri da ke zubo ƴaƴa a kan zare, wadda ake kira shukar gizo-gizo. Ba ta da guba, don haka masu yara ita ce tasu. Sai dai busasshiyar iskar hunturu da ruwan burtsatse mai gishiri sukan ƙona bakin ganyenta.

Ko wacce kika zaɓa, ki ɗaga tukunyar ki duba ƙasanta. Wani mai fulawa ya taɓa ce min, "Hajiya, ko babu huda ba komai, ki rage ruwa kawai." Kada ki yarda. Tukunyar ƙasa mai huda ta fi roba, don tana numfashi, saiwa ba ta dahuwa, ko da yake za ki fi yawan ban ruwa. Ƙasar kuma a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi, ba ɗanye ba. Ki juya ganye ki leƙa bayansa da kusurwar gaɓa: in kin ga farin abu kamar auduga a manne, ƙwaro ne, ki ajiye ta ki ɗauki wata.

Lokacin saye mafi sauƙi farkon damina ne, Yuni zuwa Yuli, sa'ad da iska ke da laima. Shukar za ta kafu kafin hazo ya zo, daga nan aikinki tsumma ne mai ɗanshi, ki riƙa goge mata ƙura duk mako.