Littattafan hoto na koya wa yara tauhidi: ku saya, amma ku kula da shafi ɗaya

'Yan uwa iyaye, ku da kuke ta tambayata a kan saitin littattafan hoton nan na koya wa yara tauhidin Kirista a gida, ga amsarku. Ni dai na ji daɗinsu sosai, sai dai akwai shafi ɗaya da ba na karanta wa yarana, zan zo kansa.

Ƙananan littattafai ne masu kwali mai kauri, kowanne da batunsa, wane ne Allah, halitta, zunubi, Yesu Almasihu da ceto, Ruhu Mai Tsarki, sai ikilisiya. Kowane shafi hoto ɗaya ne babba da magana layi biyu ko uku, can ƙasa kuma an sa ayar da aka ɗauko maganar da ƙananan haruffa saboda babba ya duba. An ce na 'yan shekara 3 zuwa 7 ne, amma a ganina ɗan shekara 3 hoton kawai yake kallo, daga 4 ne tambayoyi ke fara zuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su mai da labaran Littafi Mai Tsarki darasin ladabi ba. Kun san yadda yawancin littattafan yara suke, ka zama jarumi kamar Dauda, ka yi biyayya kamar Nuhu, ka yi haƙuri kamar Yusufu, har yaro ya tashi yana zaton sai ya zama yaron kirki tukuna Allah zai ƙaunace shi, alhali bisharar ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, Romawa 5:8. Wannan abu yana damuna ƙwarai. A nan kuwa, shafin Dauda da Goliyat an zana Goliyat ya cika shafi, Dauda ɗan mitsitsi a gefe da majajjawarsa, sojojin Isra'ila can baya sun maƙale wa juna don tsoro, maganar da ke ƙasa kuma daga 1 Sama'ila 17:47 take, yaƙin na Ubangiji ne. Ƙaramar tawa ta ɗora yatsa a kan sojojin nan ta ce, "Mama, mu ne nan ko?" Eh mu ne! Masu tsoron da aka yi yaƙi dominsu suka ci nasarar da ba su wahala a kanta ba, daga nan maganar Yesu ta zo da kanta ba tare da na jawo ta ba.

Na zunubi ma ya yi kyau. Bai tsaya a korar Adamu da Hawwa'u daga gonar Adnin ba, ya nuna Allah yana suturta su da tufafin fata kamar yadda Farawa 3:21 ta faɗa. Gicciye kuma ba su ɓoye shi ba, an hango shi daga nesa sama ta yi duhu, babu jini da zai hana yaro barci, kana buɗe shafi na gaba ga kabari a buɗe ga mata sun zo da sassafe.

To, shafin da na ce. A littafin wane ne Allah, da suka zo kan Triniti, wato koyarwar Allah Uku-cikin-Ɗaya, sai suka zana ruwa da ƙanƙara da tururi, wai haka Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suke. Na san da kyakkyawar niyya aka yi, da yawanmu ma haka aka koya mana a makarantar Lahadi, amma misalin ba daidai ba ne, domin ruwan nan ɗaya ne yake sauya kama, yanzu ƙanƙara anjima tururi, kuma kusan abin da wani malami mai suna Sabaliyus ya koyar kenan a ƙarni na 3 ikilisiya ta ƙi shi. Bangaskiyar da aka tsayar a babban taron shugabannin ikilisiya a garin Nikiya a shekara ta 325, aka ƙara bayaninta a 381, ita ce Allah ɗaya ne, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba shi ne Ruhu ba. Yaro mai wayo zai tambaye ka, to da Yesu yake addu'a da wa yake magana? Misalin ruwa ba shi da amsa. Abin mamaki a littafin Yesu na cikin saitin akwai hoton baftismarsa a Kogin Urdun, Ɗa a cikin ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, murya daga sama, duka a lokaci guda, Matiyu 3:16-17. Shi nake buɗe musu a maimakon wancan, in sun ce yaya uku zai zama ɗaya in ce musu Allah ya fi ƙarfin tunaninmu, amma haka ya bayyana kansa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. An zana Yesu fari tas da gashi mai ruwan zinariya, alhali Bayahude ne da ya tashi a Nazarat, ya kamata a gyara wannan. Gam ɗin bayan littafi ɗaya kuma ya fara saki da wuri, sai da na liƙe shi da salatif.

A ƙarshen kowane littafi akwai shafin iyaye mai tambayoyi da gajeriyar addu'a, don Allah kar ku raina shi. Aikin nan namu ne tun asali, Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce mu koya wa 'ya'yanmu muna zaune a gida, muna tafiya, muna kwanciya, muna tashi, shi ma Martin Luther da ya rubuta ƙaramin katakizim, wato littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa, a 1529, magidanta ya nufa su koya wa iyalinsu. Shawarata ku fara karantawa ku kaɗai ku duba ayoyin, sannan ku riƙa yin shafi ɗaya ko biyu kawai kafin barci, in yaro ya tsaya a kan hoto ɗaya yana tambaya ku bar shi, sauran sai gobe.