Kolet na ER, R8 ko 5C: wanne za ka saya wa injinka?

Kafin ka ciro kuɗi, leƙa bakin injinka. Kolet, wato ɗan bututun ƙarfen nan mai tsagu da ke matse bakin yanka idan an ɗaure shi, kowane inji da irin wanda yake ci.

Idan injin milin ɗinka, wato mai yankan ƙarfe da baki mai juyawa, ƙirar kamfanin Bridgeport ne, ko ɗaya daga cikin waɗanda aka kwaikwayi ƙirarsa, R8 yake ci. Shi R8 cikin sandar injin yake shiga kai tsaye, a janyo shi ta sama da dogon ƙarfe mai murɗi. Bakin yanka na zama dab da sanda, girgiza ta ragu, kuma ba ya cinye maka tsayin da ke tsakanin sanda da teburi. Matsalarsa, kowane guda awo ɗaya tak yake riƙewa. Tsohon inji da ya fito daga Amurka ko Ingila yakan zo da kolet na inci. Rabin inci milimita 12.7 ne. Ka sa masa bakin yanka mai milimita 12, ko ka ɗaure har jijiyar wuya ta fito, zamewa zai yi ana tsakiyar aiki, in ma kolet ɗin bai tsage ba.

ER ya fi shi sauƙin kai. Shi cikin mariƙi yake zama, a ɗaure shi da noti, mariƙin kuma ya shiga sandar injin. Kamfanin Rego-Fix na Suwizalan ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970, daga baya kuma aka daidaita awonsa da ƙa'idar DIN 6499, shi ya sa na wannan kamfani ke shiga mariƙin wancan. An tsaga shi ta sama da ta ƙasa, sai ya matse bai ɗaya, kuma yawancinsu suna rufe tazarar milimita guda: wanda aka rubuta wa 13-12 zai kama rabin incin nan lafiya lau. Kaurin bakin da ER16 ke iya kamawa yana tsayawa a milimita 10, ER25 a 16, ER32 a 20, ER40 a 26. Mai shago a Panteka ta Kaduna, wanda yau huda ce gobe yankan gurbin makulli, ER32 zan ce ya saya, da mariƙi mai gindin da ya dace da injinsa, R8 ne ko MT3, wani nau'in bakin sandar inji. ER40 ya cika girman kai, notinsa na tare maka ganin aiki a lungu.

Wani abu da sababbin yara ke ɓatawa: cikin noti ake fara cusa kolet ɗin, a karkace, har ka ji ya yi ƙas ya maƙale a zoben ciki, sannan a murɗa notin a jikin mariƙi. Wanda ya jefa kolet cikin mariƙi ya bi shi da noti, ya lalata su duka biyun. Bakin yankan kuma ya shiga aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon kolet.

5C na kamfanin Hardinge kuwa, kada siffarsa mai kama da ta R8 ta ruɗe ka. Aikinsa riƙe ƙarfen da ake fiƙewa a injin juyi ko injin wasawa, har da mai kusurwa huɗu da mai shida. Ba shi za ka nema don bakin yanka ba. Akwai kuma kolet na TG da OZ, masu riƙon gaske don yanka mai nauyi, amma tazararsu kaɗan ce, kuma samun madadin wanda ya lalace sai an sha nema.

Sai batun inganci. Saiti biyu na iya kama da juna a ido, bambancin na cikin rawar da bakin yanka ke yi idan yana juyawa. Masu kyau sosai ana tallata su da milimita 0.005, na gama-gari sun ninka haka. Ka je da agogon awo da sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, in mai kaya ya yarda a gwada a inji. Idan kuɗin bai kai saiti mai kyau ba, sayi na 6, 8, 10 da 12 masu kyau da noti mai kyau, sauran su jira ciniki.