Rim Mai Inci 16 a Kan Corolla: Yadda Aikin Ya Kasance a Wani Shagon Taya a Kano

Motata Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Amurka, kuma da rim ɗin ƙarfe mai inci 15 ta zo, irin wanda ake rufe wa fuska da murfin roba. Tayoyin sun cinye har zanen ya kusa shafewa, ɗaya daga cikin rim ɗin baya kuma ya lanƙwashe a baki, kullum sai mai faci ya ƙara masa iska. Tunda dole ta kama in sayi tayoyi huɗu, na ga gara in haɗa da rim ɗin alminiyam in huta gaba ɗaya. Wani abokin aikina ne ya tura ni wani shago da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa. A taƙaice na gamsu da su, zan kuma koma, amma akwai abu ɗaya da suka yi wanda bai kamata shago mai irin kayan aikinsu ya yi ba.

Da niyyar inci 17 na je. Na ga wani saiti baƙi mai sheƙi a rataye, na nuna shi. Mai shagon bai ce komai ba sai da ya zagaya motar, ya tsuguna ya karanta jikin tayar, sannan ya tambaye ni, "Alhaji, wace unguwa kake, kuma kana yawan fita gari?" Na ce layinmu babu kwalta, kuma nakan bi hanyar Zariya. Sai ya ce, "To don Allah ka bar 17 ɗin nan. Zan sayar maka in ka matsa, amma damina ɗaya za ka dawo min da kumburi a gefen taya."

Bai tsaya a faɗa da baki ba, ya ɗauko biro ya yi min lissafi a bayan kwalin fitila. Tayata ta asali 195/65R15 ce. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127 na roba tsakanin rim da ƙasa. Idan aka koma 205/55R16, gefen zai sauka zuwa kusan 113. Idan kuwa aka hau 215/45R17, saura 97 kacal. Wannan robar ita ke shanye dukan rami kafin ya kai ga rim da shokazoba. Milimita talatin ba su da yawa a ido, amma duk wanda ya taɓa faɗawa ramin da ruwa ya rufe da daddare ya san abin da suke tsarewa. Ya kuma nuna min cewa tsayin taya gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, kusan ɗaya ne tsakanin ta 15 da ta 16: milimita 634 da 632. Saboda haka allurar gudu ba za ta yi min ƙarya ba, motar ba za ta sauka ƙasa ba, tayar kuma ba za ta goga a madigadi ba. Daman Toyota da kanta tana fitar da wasu Corolla na wannan ƙira da 205/55R16 ɗin.

Wannan ne ya sa na yarda da mutumin. Saitin 17 ya fi tsada, ribarsa a can take, amma ya janye ni daga kai.

Sai batun ramukan noti, inda mutane da yawa ke yin asara. Corolla 'yar Amurka ta waɗannan shekarun tana da noti biyar a kan da'irar milimita 100, Camry kuma biyar a kan 114.3. A ido duk biyar ne, amma rim ɗin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Na sha ganin inda ake faɗaɗa rami da abin huda ƙarfe don a tilasta shi, wannan kuwa wasa da rai ne. A shagon nan yaron ya juya rim ɗin ya nuna min lambobin da aka buga a bayansa, faɗi da zurfin zama, sannan suka ɗora ɗaya a ƙafar gaba ba tare da taya ba, suka juya shi da hannu don a tabbatar bai taɓa gidan birki ba. Bayan an sa taya kuma suka sa na karya sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, yaron yana kwance yana leƙawa.

Abin da ya fi burge ni ɗan ƙaramin abu ne. Ramin tsakiyar sabon rim milimita 73.1 ne, alhali kan ƙafar Corolla 54.1 ne. Masu ƙera irin waɗannan rim suna barin ramin da faɗi don ya shiga motoci iri-iri. Idan aka ɗaura haka nan, ba lallai rim ya zauna daidai tsakiya ba, sai ka ji sitiyari yana rawa a hannunka da ka kai gudu ɗari, ka yi ta biyan kuɗin balansin a banza. Mai shagon ya buɗe wata durowa cike da zobba, ya zaɓo huɗu masu cike wannan giɓin. Na ga yaron ya kankare tsatsar kan ƙafar da burushin waya, ya danna zoben da babban yatsa har ya zauna daram, sannan ya ɗora rim. Ba kowane shago ke ajiye waɗannan zobban ba, wasu ma ba su san da su ba.

Haka suka kula da na'urar awon iska. Motocin Amurka na waɗannan shekarun suna da ita manne da bawul a cikin taya, ita ke kunna fitilar nan mai ruwan ɗorawa a gaban direba idan iska ta ragu. Masu faci da yawa kan fasa ta da ƙarfen ɓanɓare taya. Su da inji suka cire tayoyin, suka kwance na'urorin huɗu suka mayar a sabon rim.

Game da tayoyin, sababbi na saya. Sun kawo min maganar 'yan Beljiyam masu sauƙin kuɗi amma ba su matsa ba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Legas a 2008, kasuwarmu ta koma dogaro da tayar waje, kuma tsofaffin suna ta shigowa duk da cewa suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su. Da yawansu ma tayoyin ƙanƙara ne, za ka ga hoton dutse da ɗigon ƙanƙara a jikinsu, an yi robarsu don sanyin Turai ne ba don kwaltar Kano a watan Afrilu ba. Mai shagon ya bar ni na duba lambar haihuwar kowace taya da kaina, wato lambobi huɗun ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Duka huɗun shekararsu ɗaya. Jikinsu an rubuta 91V, ma'ana kowace tana ɗaukar kilo 615. Iska kuma 32 suka sa, ba 45 ko 50 da wasu masu faci ke ɗurawa ba har mota ta riƙa tsalle kamar akuya.

Yanzu ga inda suka gaza. Bayan duk wannan kulawa, da aka zo ɗaure noti sai yaron ya ɗauko bindigar iska ya yi ta bugawa har sai da ta daina motsi. Da na isa gida na gwada da sifanar da ke cikin but, ko gezau notin bai yi ba, har da na hau kanta da ƙafa. Toyota ta ƙayyade ƙarfin ɗaurin notin wannan mota a kan Nm 103 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), kuma akwai sifana ta musamman da ke yin ƙas idan an kai wurin. Ɗauri fiye da kima yana miƙar da ƙusar ƙafa har wata rana ta karye, yana iya cin mazaunin noti a jikin alminiyam. Abin da ya fi damuna ma shi ne iyalina na tuƙa motar nan. Idan taya ta yi faci a hanyar Zariya bayan magariba, wa zai kwance mata? Na koma na faɗa wa mai shagon. Bai yi musu ba, ya ce, "Gaskiyarka Alhaji, ka yi haƙuri." Ya shiga ciki ya fito da sifanar awon, ashe suna da ita, a cikin akwatinta take a ajiye. Ya sassauta noti ashirin ɗin ya sake ɗaure su da hannunsa, yana tsallakawa daga wannan zuwa na ƙetarensa. Na ji daɗin yadda ya karɓi maganar, amma kayan aikin da ke akwati ba ya amfanar wanda bai san zai tambaya ba. Duk wanda zai je, ya ce a ɗaure masa da sifanar awo a gabansa.

Farashinsu ya ɗan ɗara na cikin kasuwa, sai dai balansin da zobba da sababbin noti duk a ciki suke. Alaimen ne kawai na biya daban. Wurin jira benci ne guda a ƙarƙashin rumfar kwano, ga ƙarar janareto, don haka a je da safe.

A kan hanya, sitiyarin ya ƙara tsayuwa, motar ta fi riƙe kwana, kuma babu rawa ko kaɗan har gudu 120. A layinmu kuwa ina jin gargada fiye da da, musamman a kujerar baya, kuma hakan ya tabbatar min da cewa 17 da ta wahalar da mu. Ban ga wani bambanci a shan mai ba. Ƙurar birki tana saurin baƙanta rim ɗin gaba, sai an riƙa wankewa. Na sa noti mai makulli ɗaya a kowace ƙafa saboda ɓarayin rim, makullin yana cikin aljihun gaban mota. Mafi lafiya daga tsofaffin rim ɗin kuma na sa masa taya na mayar da shi safaya, tunda tsayinsu ɗaya da sababbin.