Wasan tatsuniya na matasan Kaduna: labarin ya nuna, lissafin faɗan da saura

Wasan da muke magana a kai bai kammalu ba, ko suna ba a tsayar masa ba tukuna. Kason gwaji ne da wasu matasa a nan Kaduna suke haɗawa a lokacin da suka samu sarari, yana yawo daga fulas zuwa fulas tsakanin masu sha'awar gem. Mun buga shi a kwamfuta mai Windows da kuma wayar Android har inda ya tsaya. Ya cancanci a buga, amma bai kamata su ƙara ko taswira ɗaya ba sai sun gyara lissafin faɗa da hanyar adana wasa.

Da manhajar haɗa wasanni ta RPG Maker MZ aka gina shi, wadda ta fito a 2020, kuma ba a ɓoye hakan ba: girman allon yana nan a ɗigo 816 da 624, kowane gurbin taswira 48 da 48, kamar yadda manhajar take zuwa. Maɓallan kibiya na tafiya ne, Z ko Enter na amincewa, X na komawa baya, Shift na gudu. Mutum huɗu ake ja: maharbi mai kwari da baka, ɗan tauri, bokanya mai ganye da turare, da wani barde mai mashi da ke shigowa daga baya. Suna fita daga wani birni mai ganuwa zuwa gindin wani dutse, wanda duk wanda ya san Kufena ta Zariya zai ga kama, domin gano abin da ya sa kogi ya daina ba da kifi. Babban bos ɗin wannan kaso, wato abokin gaba mafi ƙarfi, wani ƙaton kada ne, kuma ba sai an yi wa ɗan Kaduna bayanin dalili ba.

Inda suka yi fice shi ne tsarin asiri. Ba su ɗauko ƙwallon wuta da sandar tsafi irin ta wasannin Turai da Japan ba. Abin da kakanni ke ba da labari suka mayar dokar wasa. Kau-da-bara yana ƙara yawan kuskuren da abokin gaba ke yi idan ya kawo hari. Sagau yana sandarar da hannunsa ya rasa zagaye guda. Layar zana tana rage yawan haɗuwa da miyagu a daji da rabi. Ba a buƙatar dogon bayani, domin mai wasan ya riga ya san aikin kowanne tun kafin ya kunna kwamfuta. Kuɗin ciniki wuri ne, kuma idan ya kai 20,000 sai a nuna shi a matsayin keso ɗaya, yadda ake ƙirga shi a da. Gizo na nan a matsayin ɗan kasuwa mai yawo, farashinsa na sauyawa, wani lokaci ya sayar maka da laya marar aiki. Wasu za su ji haushi, mu kam mun ga ya dace da halinsa.

To ga inda gizo ke saƙar, wato faɗa. Sun bar lissafin ɓarna yadda manhajar ta zo da shi: a.atk * 4 - b.def * 2. Ƙarfin mai kai hari sau huɗu, a cire kariyar wanda aka kai wa sau biyu, kuma idan sakamakon ya gaza sifili sai a ɗauke shi sifili. Wannan yana aiki muddin lambobin ɓangarorin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Matsalar ita ce kirarin ɗan tauri yana ɗaga kariyarsa hawa biyu a lokaci guda, kuma a wannan manhaja kowane hawa ƙarin kashi 25 cikin ɗari ne. A ce kariyarsa 30 ce, ta koma 45, sau biyu 90. Kura mai ƙarfin hari 22 tana kawo 88. Babu abin da zai taɓa shi. Har ƙarin sau uku da ake samu a mummunan sara bai da amfani, tunda sifili sau uku sifili ne. Da zarar mai wasa ya gane haka, sai ya sa ɗan tauri ya ja hankalin miyagu ya yi kirari, sauran ukun su yi ta harbi. Faɗan ya zama aikin danna Z kawai.

Ta fuskar al'ada babu laifi a ce ƙarfe ba ya cin ɗan tauri, don haka ba ma son a cire wannan. Abin da ya kamata shi ne a raba hari gida biyu. A ba makaman ƙarfe nau'insu daban, a sa taurinsa ya rage su kaɗai, amma haƙorin kura, sanda, dutse da dafin maciji su ci shi kamar kowa. Manhajar tana da wurin sa wa kowane hari nau'i da kuma yawan tasirinsa a kan kowane mutum, ba a buƙatar rubuta ko layi ɗaya na JavaScript. Sannan a naɗe lissafin da Math.max, umarnin da ke zaɓar mafi girma cikin lambobin da aka ba shi, domin ko yaya a cire wani abu daga jinin wanda aka doka.

Akasin haka ke faruwa a wurin kada. Ƙarfinsa ya yi wa bokanya yawa, bugu ɗaya da wutsiya ya kwashe jininta duka, ga shi ita kaɗai ke warkarwa. Ba a ba da wata alama kafin bugun ya zo. Da an sa ya nutse a ruwa zagaye guda kafin ya kawo shi, da mai wasa ya samu damar yin kariya, wadda ke rage ɓarna da rabi.

Dajin da ke tsakanin birni da dutse yana gajiyarwa, kuma akwai dalili. Sun bar matsakaicin taku 30 kafin a haɗu da miyagu, sannan suka shimfiɗa doguwar ciyawa a kusan duk hanyar. A wannan manhaja taku ɗaya cikin gurbin da aka yi wa alamar ciyawa yana ƙirguwa biyu. Ashe kusan kowane taku 15 sai an yi faɗa. Ko su ɗaga lambar zuwa 50 ko 60 a wannan taswira, ko su buɗe turba marar ciyawa a tsakiya.

Adana wasa kuwa shi ne abin da zai kori mutane. An rufe shi daga jerin zaɓi, sai an je gindin rijiya, kuma rijiyoyin na da nisa da juna. An kuma kashe adanawa ta kai tsaye da MZ ke yi duk lokacin da aka sauya taswira ko aka gama faɗa. Wannan salo yana da masoya, amma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma da yawa daga kwamfutocin hannu da ake saya 'yan gwanjo ne masu mataccen batir, hukunci ne a kan wanda bai yi laifi ba. Alama ɗaya ce za a danna a shafin tsarin manhajar a dawo da adanawa ta kai tsaye. Mai buga wasan kuma ya sani cewa fayil ɗin adanawa, mai ƙarewa da rmmzsave, yana riƙe makunnan labari ne, wato alamun abin da ya riga ya faru a wasan, da lambarsu. Idan masu haɗa wasan suka sauya lambobin a sabon kaso, tsohon fayil zai iya buɗe ƙofar da bai kamata ba ko ya rufe wadda ake buƙata. Gara a fara daga farko duk lokacin da sabo ya fito.

Akwai wuri ɗaya da wasan ke daskarewa: idan aka koma fada bayan an karɓi saƙon Galadima ba tare da an bi ta kasuwa ba. Alamunsa na abin da ake kira Autorun ne, wato umarnin da ke tashi da kansa, da ba a kashe makunninsa ba, yana ta maimaita kansa yana hana motsi. Kafin a gyara, a bi ta kasuwa tukuna.

Hausar da ke ciki mai daɗi ce, ba fassara ba ce, tsofaffi na magana kamar tsofaffi. Sai dai salon haruffan da suka zaɓa ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, don haka kwamfuta na aro su daga wani salon, su fito sirara a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Akwatin magana layi huɗu yake ɗauka kuma ba ya karya layi da kansa, shi ya sa ƙarshen wasu jimloli ke yankewa, musamman inda aka sa hoton fuska a gefe. Kiɗan kalangu da algaita ya zauna daidai, illa ɗan shirun da ake ji kafin ya sake zagayowa.

A waya abin bai kai na kwamfuta ba. Tafiya da taɓa allo tana aiki, amma kasuwar birni na jan ƙafa saboda yawan abubuwan da ke gudana a bayan fage lokaci guda. A kwamfuta ana iya danna F2 a ga yadda saurin ke faɗuwa daga hoto 60 a daƙiƙa da an shiga wurin. Sannan a waya wasan ya tsaya a bakin kogo da saƙon cewa an kasa loda wani hoto. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Android kuwa a irin wannan kunshi tana bambantawa, don haka Dodo.png da dodo.png abu biyu ne a wurinta. Wanda ke da zaɓi ya buga a kwamfuta, ya kuma riƙa kwafe babban fayil ɗin save zuwa fulas kafin ya karɓi sabon kaso.