Manhajar auna nisa ta bar mu a titi da Hajiya

Na sauke manhajar nan ne ana saura kwana biyu Gwaggona ta dawo daga aikin Hajji. A Bauchi take aure, da alhazan can ta tafi, amma ta ce daga filin jirgi gidanmu za ta fara zuwa, nan ƙauyenmu na yankin Kiyawa, ta ga yayanta da ke kwance. Ni aka ɗora wa ɗauko ta.

Da farko manhajar ta burge ni, ba ta cin data, kuma ko sabis ya yi rauni tana buɗewa. Ƙauyenmu ba ya ciki, sai na sa mata filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014, da na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi. Nan take ta fito da lamba da manyan baƙaƙe: kilomita 150 da 'yan kai. Na ninka biyu, na yi lissafin mai, na tafi wurin direban da muke ɗauka shata a garinmu.

Dattijo ne, ya daɗe yana bin hanyar. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai lissafin tsuntsu ne. Mota sai ta bi Birnin Kudu, ta bi Ningi, ta bi Kafin Madaki."

Na ce, "Baba, na'ura ce ta auna." Ya ce to, ai mai naka ne. Abin da na lissafa na zuba, ko lita ban ƙara ba.

Zuwa lafiya lau, don filin ma kafin ka shiga garin Bauchi yake. Jirgi ya makara, ba mu taso ba sai bayan magariba. Mun wuce Ningi kenan fitilar mai ta kama, kafin mu kai Birnin Kudu mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Ga duhu, ga ba gidan mai kusa. Gwaggo da ƙafafunta suka kumbura da zaman jirgi ta fito ta shimfiɗa dardumarta a gefen kwalta, ta jingina da jarkar zamzam ɗinta tana jan carbi. Uffan ba ta ce min ba, wallahi da ta yi faɗa ma da ya fi min sauƙi. Sai da na tari mai babur ya kai ni wurin 'yan bumburutu, na sayo galan ɗaya da tsadar da har yanzu take min ciwo.

Washegari na sake buɗe manhajar cikin fushi. Ashe nisan mota yana nan, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sai ka ja shafin sosai. Lambar saman kuwa layi ne miƙaƙƙe tsakanin filayen biyu, irin wanda jirgi ke bi. To wa zai nemi nisan Dutse da Bauchi don ya tuƙa jirgi? Masu mota ne muke tambaya, mu ya kamata a fara ba amsa.

Da niyyar ba ta tauraro uku na zauna, saboda lambobinta ba ƙarya ba ne. Amma ina tuna Gwaggo zaune a bakin titi da farin mayafinta na Makka, ɗaya zan bayar. Na goge ta daga wayata, Baba direba kuma na je har gida na ba shi haƙuri.