Detandar TE2 na Danfoss a zafin Yamai: kaya ne mai kyau, in an iya ɗaura shi

Duk mai gyaran firigo da kilim a Yamai da ya taɓa buɗe babban kilim na ofis, ko ɗakin sanyi na nama da kifi, ya san ɗan ƙarfen nan mai kai kamar faifai da siririn tiyo a nannaɗe. Detandar ke nan. Wanda aka fi sani a hannun masu aiki shi ne T2 da ɗan'uwansa TE2 na Danfoss, kamfanin ƙasar Danmak da aka kafa a 1933, kuma da irin wannan kaya ya soma. Ƙananan kilim na bango galibi kapiler gare su, wato siririn tiyo kawai a madadin detandar, masu inbata kuma da yawa na lantarki suke ɗauke da shi, saboda haka ba maganarsu ake ba.

Aikin detandar auna ruwan gaz da ke shiga ebaporatar, wato ɓangaren da ke fidda sanyi. Bulbu, wato ɗan kwanson da ke ƙarshen siririn tiyon, manne da tiyon da gaz ke dawowa kompiresar, yana jin zafi ya tura a buɗe, matsin ebaporatar da rasor (sifirin da ke ciki) suna tura a rufe. Kapiler ba ya jin komai, ƙofarsa ɗaya ce dare da rana. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan dare ya yi sanyi a Janairu, wannan bambancin shi ke tsare kompiresar daga shan ruwan gaz.

Abin da ya fi kyau a TE2 shi ne orifis ɗinsa, wato ƙaramar ƙofar da gaz ke bi, ana cire shi a sauya. Girma takwas ne, 0X, 00, sai 01 har zuwa 06, daga ƙasa da kilowat 1 zuwa sama da kilowat 15 a gaz R22. Jiki ɗaya ya ishi injuna da yawa, kuma ƴar matatar da ke bakin orifis ana fidda ta a wanke. Kan da bulbun da siririn tiyon mai tsawon mita 1,5 duk na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, yana jure girgiza fiye da na jan ƙarfe. Sai dai orifis dabam ake sayar da shi, a tuna da haka tun a kanti. A duba harufan kuma: TEX2 na R22 ne, TEN2 na R134a, TES2 na R404A. Ba a musanya su.

Yana da iyakarsa. Matsin da aka yarda masa bar 34 ne, bai dace da R410A ba. Hanya ɗaya yake tafiya, don haka a injin da ke juyawa ya ba da ɗumi sai an haɗa shi da bawul mai hana komawa, ko da yake a nan ba mu cika buƙatar haka ba. Mahaɗarsa mai ɗauri da kile, inci 3/8 shiga, 1/2 fita, ita ce wurin da ya fi yoyo in ba a buɗe bakin tiyon daidai ba.

Yawancin laifin da ake ɗora masa kuwa na ɗauri ne. Bulbu a kan tiyon kwance yake zama, daf da fitar ebaporatar, a goge wurin, a matse shi da ƙarfen ɗaurinsa, a lulluɓe da abin tsare zafi. Roba ko salatif ba ɗauri ba ne. A tiyon 1/2 ko 5/8 wajen ƙarfe 1 na agogo, a 3/4 ko 7/8 wajen ƙarfe 2. Kada a sa shi ƙarƙashin tiyo, mai ne ke kwanciya a can, sai ya ji zafin ƙarya. Ƙaramin tiyon 1/4 na daidaita matsi, wanda TE2 ke da shi amma T2 ba shi da shi, a bayan bulbu ake haɗa shi, ta gefen kompiresar, kuma ba a toshe shi. In ebaporatar na da mai rarraba gaz, TE2 ake sawa, T2 zai bar ta da yunwa. In za a kai shalimo, wato wutar walda, kusa, a cire orifis, a naɗe jikin da jiƙaƙƙen tsumma, a bi tiyo da iskar azot (naitirojin).

Sukurun daidaitawa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, amma shi hannu ke fara kaiwa. A auna sirshof tukuna, wato yawan digirin da zafin tiyo kusa da bulbu ya ɗara zafin da gaz ke tafasa a ebaporatar. Misali a R22, mano, agogon awon matsi, ya nuna bar 4,8, wato gaz na tafasa a digiri 5. Zafin tiyo kusa da bulbu digiri 11. Sirshof 6 ke nan, lafiya lau. Juyi ɗaya cikakke yana sauya kusan digiri 4, bin hannun agogo yana ƙarawa. Saboda haka rubu'i rubu'i ake juyawa, a jira minti 15 tsakani.

In sirshof ya yi yawa, matsi ya faɗi, a leƙa idon gilashin da ke kan tiyon ruwan gaz. Kumfa na nufin gaz ya ragu ko filtir ya toshe. A wanke kondansar, ɓangaren da ke fidda zafi waje, da ƙurar hunturu ta like, don ita ma tana rikita awo. In allurar mano na hawa da sauka ba tsayawa, orifis ya yi girma ko bulbu ya yi sako-sako. A ɗakin sanyi, in sanyi ya ɗauke sannan ya dawo bayan an ɗumama jikin detandar, laima ce ta daskare a orifis, maganinta sabon filtir da zuƙe iska sosai.

Mai neman na hannu a kasuwar Katako ya yi hattara da siririn tiyon, in ya tsage gaz ɗin bulbu ya tsere, detandar ya rufe ke nan har abada. A kan inji ana gane shi da riƙe bulbu a tafin hannu: matsin dawowa ya tashi, yana da rai, bai motsa ba, bayan an tabbata matata ba ta toshe ba, a sayi sabo.