Gwiwa ta murɗe a filin ƙwallo: ƙanƙara ko gashi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ranar Lahadi ya zo juyawa da ƙwallo, ƙafarsa ta kafe a ƙasa, gwiwa ta murɗe, kafin magariba ta kumbura. Mahaifiyarsa ta ce a gasa da ruwan zafi a shafa man zafi, kocinsu kuma ya ce ƙanƙara. Maganar wa zai ɗauka?

Sannu ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. A yanzu dai ka bi ta koci, ranar Hajiya na nan tafe.

Sabon rauni, ƙananan jijiyoyin jini ne suka fashe a ciki, shi ya kawo kumburin. Sanyi yana tsuke su, yana kuma kashe raɗaɗi. Zafi kuwa buɗe su yake yi, jini ya ƙara kwararowa. Shi ya sa wanda ya yi gashi daren da ya ji ciwo yakan ji daɗi a lokacin, da asuba kuma ya tashi gwiwa ta yi suntum, ruku'u ma ya gagara. Saboda haka kwana 2 zuwa 3 na farko na ƙanƙara ne. Ba sai ka nemi wani abu na musamman ba, fiya wata biyu da suka daskare sun isa. Naɗe su a tawul, kada su taɓa fata kai tsaye, minti 15 zuwa 20, ka cire, sai bayan awa biyu ko uku ka sake. Ka ɗaura bandeji ba tamau ba, ka ɗora ƙafar kan matashi ta ɗara ƙirjinka tsayi.

Amma kada a ba ƙanƙara girman da ba nata ba. Likitan nan na Amurka, Gabe Mirkin, da ya yaɗa wannan tsari a 1978, shi da kansa daga baya ya ce yawan sanyi na iya jinkirta warkewa. Zugi take ragewa, ba ta haɗa abin da ya yage.

Gashi yana da amfani bayan kumburi ya saɓe, ya rage sai ƙagewa, ko ga tsohon ciwon da ke sa mutum ya miƙe daga zaman tahiya da ƙyar. Tsumma mai ɗumi na minti 15 kafin motsa jiki yana sassauta tsoka. Kada dai a haɗa shi da man zafi lokaci guda, fata na iya ƙonewa. Mai ciwon suga ya yi hattara da duka biyun, don wani ba ya jin ƙuna a ƙafa sai ta yi ɓarna.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne saurin kumburin. Gwiwar da ta cika cikin 'yan awanni, galibi jini ne ya taru a gaɓar. Ka tuna, ka ji wani “ɓas” lokacin? Tana zillewa in ka taka? Tana maƙalewa ta ƙi miƙewa? Ka kasa yin taku huɗu a kanta? In ɗaya daga ciki ya faru, ana zargin tsinkewar jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ko yagewar guringuntsi, kuma wannan ba aikin tsumma ba ne. Kada ka bari a ja maka ita da sunan gyaran targaɗe. Je ka ga likitan ƙashi, in kana Kano ga asibitin Dala nan. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, sai na MRI, don haka “babu karaya” ba ya nufin lafiya lau.

Fili kuma ka haƙura da shi sai ka iya tsugunawa, ka yi tsalle da ƙafar ita kaɗai ba tare da zafi ba. In kun dawo, ka roƙi koci ya sa ku atisayen ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda aka tsara don rage jin rauni, minti 20 ne a farkon horo.